Jar Lamba a Hanyar Tungan Maje

Sunana Isuhu, mutumin Matamai ne ni, can cikin Nijar. Ranar da mota ta sauke ni a Zuba, abin da na mallaka bai wuce jaka ɗaya ba, sai farmi, wato lasin tuƙi irin namu, sai ɗan Faransancin da na tsinta a lakwal, wato makarantar boko. A gida an ce mini Abuja gari ne da ake tuntuɓe da aiki a bakin titi. Wanda ya faɗa mini haka ban ja masa Allah ya isa ba, amma duk ranar da muka haɗu akwai magana.

Ban yi nisa da tasha ba wani mai babbar riga ya ji harshena, ya tare ni da fara'a. "Ɗan Nijar ne? Ikon Allah! Ai ni kakata 'yar Damagaram ce." Ya ce akwai wani alhaji da ke neman direba, in yi salla mu wuce, shi zai riƙe mini jaka. Na sallame na duba dama da hagu, ba jikan Damagaram, ba jaka. Farmina da katin shaidata kaɗai suka tsira, don suna aljihun gaba.

Daga nan na faɗa wankin mota a Utako. Kwana a wani kango da masu sayar da rake, 'yan Jigawa da Zamfara, kowa da tarin tsummansa. Ruwan Abuja ba irin namu ba ne, ba ya shawara, sai dai ka ji shi a ka. In na kwanta sai furar Inna ta dawo mini a baki, in tuna matata Hajara da na baro da ciki. In na kira waya sai in ce musu aiki na tafiya daidai, alhali tafin hannuna ya tsattsage da omo.

Madam Rifkatu ce ta fitar da ni daga wurin. 'Yar Filato ce, kuku a gidan wani jami'in ofishin jakadanci, kuma duk ranar cefane a wurinmu ake wanke motar gidan. Wata rana ta ji ina sauraron labarai da Faransanci a 'yar rediyona, ta leƙo ta taga.

"Kai, kana jin wannan yare?"

Na ce ina taɓawa.

"Ka iya tuƙi? Direba namu ya tsufa, zai tafi gida. Gobe ka yi wanka mai kyau, ka zo Maitama. Ka yi wanka fa, ba irin na mota ba."

Haka na shiga gidan da ya zame mini wata ƙasar a cikin wata ƙasa. Ba zan faɗi sunan ƙasarsu ba. Maigidan ba shi ne jakada ba, yana ƙasa da shi, dogo ne mai yawan dariya. Kalmar Hausa ɗaya ya zo da ita, yana rabawa kowa, mai gadi da mai shara har da kare, shi ya sa 'yan gidan suka sa masa Oga Sannu. Ranar farko ofis ya karɓi farmina da katin shaidata, aka ce ajiya ce, aka miƙo mini makullin wata baƙar jif mai jar lamba.

Wanda bai taɓa tuƙa jar lamba a Abuja ba, ba zai gane abin da nake faɗa ba. Ni da ɗan sanda ke kora da kulki a Utako, ni ne yanzu nake tunkarar shinge a ɗage mini katako tun daga nesa, har da sarawa. Ba mai cewa buɗe but, ba mai cewa ina takardu. In na ajiye mota inda aka hana, mai ɗaure taya zai zo da ƙarfensa, ya ga lamba, ya juya kamar ya manta wani abu a gida. Na tambayi Madam Rifkatu dalili, ta ce, "Rigar kariya ke nan. Su ba a kama su, ba a kai su kotu, ba a shiga gidansu. Doka na duniya ne." Na ji daɗin rigar nan, ba zan ɓoye ba. Na ɗauka tana da faɗin da za ta rufe duk wanda ke cikin motar.

Shi kuma Oga Sannu ya iya zama da mutane. Da zazzaɓi ya kwantar da ni, da ƙafarsa ya zo ɗakina na bayan gida da magani. Da Hajara ta haihu, ya karɓi wayar ya ce wa Inna, "Sannu Mama, sannu," tsohuwa ta yi ta sa masa albarka har kati ya ƙare. Yakan dafa kafaɗata ya ce, "Isuhu, ni da kai duk baƙi ne a ƙasar nan. Kai ɗan'uwana ne." Na yarda da shi har cikin raina. Ashe kallon kitse nake yi wa rogo.

Yana da wata al'ada ta ranar Lahadi. Sai mu fita bayan gari ya ɗauki hoton duwatsu da kasuwannin ƙauye, ya ci abinci a wani lambu, ya sha abin da yake sha. In ya sha, sai ya ce in ba shi makulli, wai yana kewar tuƙi. Nakan roƙe shi, yakan yi dariya. Wannan Lahadin ma haka aka yi, muna dawowa daga wajen Gwagwalada da rana tsaka, shi a sitiyari, ni a gefe ina ta cewa ya rage.

Daidai Tungan Maje wata tsohuwa ta fito za ta tsallaka, da kwaryar doya a kafaɗa yadda matan Gwari ke ɗaukar kaya. Wata matashiya na biye da ita a baya. Na yi ihu. Ya taka burki bayan ya riga ya ɗauke ta. Har yau in na rufe ido ina ganin doyar nan tana gangarawa a kwalta.

Kafin ka ce kwabo mutane sun fara ɓullowa, wasu da duwatsu. Oga ya ƙanƙame sitiyari, ya kasa ko buɗe ƙofa. Na san abin da taron bakin hanya ke iya yi. Na finciko shi zuwa kujerata ta cikin mota, na fita na zagaya, ni da matashiyar nan muka ciccibi tsohuwa muka sa a baya, na shiga na ja. Duk wanda ya iso daga baya, ni ya gani a gaban sitiyari. A lokacin ban kawo komai a raina ba, rai biyu nake ƙoƙarin ceta.

Ɗaya na ceta. Tsohuwar ta cika a ƙofar asibiti, kanta a cinyar matashiyar, wadda na ji daga baya surukarta ce, Saratu.

'Yan sanda suka zo. Insifetansu ya nufo mu fuska a murtuke, Oga ya zaro wani ɗan kati ya nuna. Sai na ga mutum ya haɗe ƙafa ya sara. Saratu na kuka tana nuna Oga, tana cewa, "Shi ne! Wannan dogo ne ya buga Mama!" Insifetan ya ce mata, "Madam, yi haƙuri. Wannan ya fi ƙarfinmu. Ko motar ba mu da ikon riƙewa." Bai rubuta abin da ta faɗa ba. Muka koma Maitama da jinin matar a kujera.

A gida Oga ya rungume ni yana kuka kamar yaro. Ya ce na ceci ransa, ya ce ba zai taɓa mantawa ba. Ni kuwa abin da ya tsaya mini daban ne. A wurinmu, in rai ya salwanta ta hannunka, ko da akuya ce ta maƙwabci, ba ka zama a ɗaki. Kana neman manya, ka ɗauki goro, ka je ka durƙusa, ka yi gaisuwa, ka nemi yafiya. In sun yafe, ka samu sauƙi duniya da lahira. Na yi masa bayanin wannan dalla-dalla, na ce ya kamata mu je kafin a share makoki.

Ya ce zai yi shawara da ofis. Washegari ya kira ni, ya ce lauyoyinsu sun hana shi fita, amma al'adar nan ta burge shi ƙwarai. "Ka je a madadina, ɗan'uwana. Kai ka san yadda ake yi." Aka sayo buhun shinkafa da goro da sukari, aka ce shugaban masu gadin ofis zai raka ni.

Madam Rifkatu ta tare ni a bakin kicin, hannunta duk fulawa.

"Isuhu, kar ka je. Wanda ya yi abu, shi zai je."

Na ce, "Madam, kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Mutumin nan ya yi mini halacci."

"Kai ka ɗauka kowa yana da kunya irin naku. Ni na daɗe a gidajen nan. To, in ka je, ka faɗi wa ya yi tuƙi. Ka faɗa da baki naka."

Na ce to, don dai ta bar ni.

Gidan makokin na bayan coci, an kafa rumfa, mutane cike. Aka nuna mini babban ɗan marigayiyar, Ayuba, mijin Saratu, manomi ne mai faɗin ƙirji, idanunsa jajur. Na cire takalmi, na durƙusa a gabansa da gaban dattawa, na yi gaisuwa yadda aka koya mini. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Malam, tambaya ɗaya. Wa ya buga Mama na?"

Yanzu a ce ɗan mutunci ya buɗe baki a cikin taro ya ce maigidana ne? Mutumin da na ci gishirinsa, ya aiko ni in rufa masa asiri? Ba a yi mini wannan tarbiyya ba. Na sunkuyar da kai na ce, "Ƙaddara ce ta faɗa mana. Na zo neman gafara, don girman Allah ku yafe." Hawaye na zuba, don da gaske nake. Wani dattijo ya ce sun ji, Allah ya kiyaye gaba. Ayuba ya kau da kai. Na lura shugaban masu gadi ya ɗaga waya yana ɗauka tun daga farko, na ɗauka don a nuna wa Oga an isar da saƙo ne.

Ba a yi mako ba aka ce in kai wata takarda ofishin 'yan sanda, in tafi da ƙaramar motar haya don jif na gareji. Ina shiga aka ce in cire bel da takalmi. Insifetan nan dai ne. Ya ce ofishin jakadanci ya rubuta wa ma'aikatar harkokin waje cewa direbansu ne ke tuƙi ranar, kuma sun sallame shi, hukuma ta yi aikinta. Ya juyo mini waya. Ga ni a durƙushe, ina kuka, ina cewa a yafe.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai kana wurin! Ka ji abin da yarinyar ta faɗa!"

Ya ce, "Ni na ga ka kawo mota asibiti. Ga ka kuma kana roƙon gafara. Wanda bai yi ba, me zai kai shi durƙuso?"

Na ce a kira Oga, shi zai faɗi gaskiya. Insifetan ya yi wata dariya marar daɗi, ya ce, "Oganka jirginsa ya tashi tun shekaranjiya."

Ban taɓa jin abu ya soke ni irin wannan ba. Ba ɗaurin ne ya fi ci mini rai ba. Shinkafar nan ce da goron. Wato lokacin da yake dafa ni yana cewa al'adarmu ta burge shi, sun riga sun zauna sun auna ta, sun ga inda za ta yi musu amfani. Abin da iyayena suka ba ni mafi daraja, shi aka ɗaure ni da shi.

Aka kai ni gidan yari jiran shari'a. Ba zan ba da labarin wurin ba, wanda ya shiga ya sani, wanda bai shiga ba Allah ya tsare shi. Labari dai ya riga ni zuwa Matamai, cewa Isuhu ya sha giya a Abuja ya kashe tsohuwa. Ni da ban san ɗanɗanonta ba. Inna ta daina zuwa biki da suna saboda kunya. Wannan ya fi kwarkwata da yunwa cin jikina.

Wata lauya mai taimakon marasa galihu ta zo ganina, yarinya ce mai gilashi, Bakanuwa. Na ce mata a dawo da Oga ya rantse. Ta ce, "Malam Isuhu, ko yana Abuja kotu ba ta da ikon kiransa, ko a matsayin shaida. Kariyar ba tasa ba ce, ta ƙasarsa ce, su kaɗai ke iya cire masa ita. An yi ta ne don kada a riƙa tsangwamar manzo a ƙasar da aka aike shi. Iyakar abin da gwamnati za ta iya shi ne ta ce ba ta son zamansa, ya fita. To ga shi ya fita da kansa."

Na ce, "A ƙasarsu fa? Ba kotu?"

Ta ce akwai, suna iya gurfanar da shi in sun so. Ta cire gilashin ta goge.

Na ce, "Ni ma ai baƙo ne. Ni ma ƙasata na da tuta." Ta ce ta sani. Na tambaye ta farmina da katina, ta ce suna cikin ofishinsu, kuma ba ɗan sandan da zai iya taka ƙofar.

Damina ta wuce ina ciki. Rannan aka ce ina da baƙi. Na fito na ga Madam Rifkatu da kular abinci, a bayanta Ayuba. Ashe ita ta yi ta sintiri Tungan Maje ranakun hutunta, ba da sanin ofis ba, har ta shawo kansa. Ya zauna bai miƙo mini hannu ba.

"Tun ranar mun san ba kai ba ne," in ji shi. "Matana ya gani da ido. Na tambaye ka a gaban mutane don ka faɗa, kowa ya ji, mu samu abin riƙewa. Ka ɓoye shi. Na ce to, tunda kana son shi haka, ka zauna masa."

Na ce, "Amana na riƙe."

"Amana na wa? Shi ya riƙe naka?"

Madam Rifkatu ta buɗe kula ta ce mu ci, ba ta dafa don a yi kallo ba. Muka ci tuwon acca a kwano ɗaya, ni da mutumin da aka ce na kashe wa uwa.

Ranar shari'a Saratu ta tsaya ta faɗi abin da ta gani, ba ta rage ba, har yadda na finciko Oga daga sitiyari. Wani mai faci a bakin hanyar ya zo ya faɗi irin nata. Mai gabatar da ƙara ya yi ta juya takardu, daga ƙarshe alƙali ya ce ba hujjar da za a riƙe ni, an sallame ni. Ina shirin yin hamdala sai Ayuba ya miƙe daga bayan kotu.

"Ranka ya daɗe, to wa ya kashe Mama na?"

Aka ce ya zauna. Ya ce zai zauna, amma a gaya masa. Alƙalin dattijo ne, ya dube shi ta saman gilashi, ya ce wanda ake magana a kansa ba ya gaban wannan kotu, kuma ba ta da ikon kawo shi. Ya kira ƙara ta gaba.

Na je Maitama karɓar takarduna. Mai gadin da muka sha shayi tare shekara da shekaru ya leƙo ta ƙaramar taga, ya ce an hana shi buɗe mini. Na ce ƙafa ɗaya zan sa in ɗauki kayana. Ya ce, "Isuhu, ka san nan ba Najeriya ba ne." Madam Rifkatu ce ta fito mini da jakata ta ƙofar baya, da rediyona a ciki. Farmin har yau yana wurinsu, ajiya.

Kafin in kama hanyar gida na biya Tungan Maje. Ayuba ya kai ni kabarin, a gefen gonar doyarta, wadda ciyawa ta fara ci. Na yi mata addu'a irin tawa, ya yi irin tasa. Da zan tafi ya raka ni bakin titi, ya ce, "Dattawa sun yafe ranar da ka zo. Amma kai suka yafe wa, kai kuma ba ka yi komai ba. Shi wanda ya yi, ko sunan Mama bai tambaya ba."

Sunanta Ladi. Ni ma sai ranar na sani, kuma na riƙe.

Na samu motar Kano a Zuba, na zauna ta taga. Ba mu yi nisa ba muka tarar da shinge, aka sauke mu duka, kowa ya buɗe jakarsa a rana. Wani ɗan sanda na tambayata katin shaida ina rantse-rantse, sai ga wata baƙar jif daga baya. Ya bar ni da baki buɗe, ya ruga ya janye katako, ya ƙame ya sara. Jar lamba ce. A gaban sitiyari wani saurayi ne, ɗan Arewa da gani, da sabuwar hula, ya ɗora gwiwar hannu a taga yana murmushi. Na ɗaga masa hannu da ƙarfi, ina son in ce ya tsaya in gaya masa wata magana. Ya ɗauka gaisuwa ce, ya ɗaga mini nasa, ya wuce.